Yadda Ake Tsara Kayan Farauta Ga Ɗan Birni Mai Son Ado

Mutumin da za a ɗinka wa waɗannan kaya yana shafe mafi yawan kwanakinsa tsakanin ofis da mota da wuraren taro, ba ya shiga daji sai lokacin da aka buɗe farauta, kuma ba ya son sayen jaket da za ta kwana a rataye har shekara ta zagayo. Yana son tufar da za ta jure ƙaya da raɓa da safe, ya kakkaɓe ta, ya shiga cikin mutane da ita da yamma ba tare da an bi shi da kallo ba. Masu tsara tufafi da yawa suna faɗawa kuskure ɗaya a nan: sai su ɗauki rigar gayu ta birni, su liƙa mata aljihuna da maɗauran fata, su kira ta rigar farauta. Hanyar da nake ganin ta fi ita ce a fara daga daji. A gina tufar da ke aiki sosai, sannan a rage mata hayaniya har ta dace da titi.

Tarihin sana'ar ma yana goyon bayan wannan. John Barbour ya kafa kamfaninsa a South Shields ta Ingila a 1894 yana sayar wa masunta da ma'aikatan jiragen ruwa tufafin da ruwa ba ya ratsawa, kuma jaket ɗin Beaufort da kamfanin ya fitar a 1983 an yi ta ne don masu harbin tsuntsaye, har da babban aljihu a baya na zuba abin da aka harbo. Kamfanin Filson na birnin Siyatil a Amurka ya fara a 1897, ya yi rajistar rigarsa Cruiser a 1914 don masu aiki a dazuzzuka. Takalmin da kamfanin L.L.Bean ya fara sayarwa a 1912, mai ƙasan roba da saman fata, na mafarautan jihar Maine ta Amurka ne. Yau duk ana ganin su a manyan birane, alhali ba ɗaya daga cikinsu da aka zana don birni. Abin da ya ja ido gare su shi ne kowane ɗinki da ke jikinsu yana da dalili.

Fara da tambayar wace irin farauta

Kafin ka taɓa fensir, ka zauna da mai kayan, ko ka tantance rukunin mutanen da kake nufi, ka rubuta amsoshi a shafi guda. Mai bin tsuntsaye a ƙafa yana tafiya mai nisa, yana zufa, yana ɗaga bindiga da sauri sau da yawa, saboda haka kafaɗa da hammata su ne damuwarsa. Mai sanɗar manyan dabbobi yana rarrafe, yana durƙuso, kuma ƙarar yadi kaɗai tana iya kore masa dabba. Mai kwanton ɓauna yana zaune wuri ɗaya na sa'o'i, sanyi ne abokin gabarsa. Ka tambaya kuma ko da bindiga yake harbi ko da baka, da hannun dama ko na hagu, a ƙasa mai zafi ko mai sanyi, da damina ko da rani. Jaket ɗaya ba za ta biya wa dukkan waɗannan buƙata ba, kuma wanda ya yi ƙoƙarin haɗa su zai ƙare da tufa mai nauyi wadda ba ta gamsar da kowa. Ka zaɓi guda. Ga ɗan birni, kayan mai bin tsuntsaye da na mai sanɗa su suka fi sauƙin shiga gari.

Launi: idon dabba, idon ɗan'uwa, da doka

Mutane da yawa sun ɗauka kayan farauta dole ne su kasance masu dabbare-dabbare irin na soja. Zanen ɓad-da-kama na mafarauta bai daɗe ba yadda ake zato, domin manyan sunayensa biyu, Realtree da Mossy Oak, duk a 1986 suka fito a Amurka, kuma kafin su an yi ƙarnoni ana farauta cikin ulu da auduga masu launin ƙasa. Ga wanda kake yi wa aiki, shawarata ita ce ka bar dabbare-dabbaren gaba ɗaya. Ba ya shiga ofis, yana saurin fita yayi, sannan akwai ƙasashe irin su Barbados da Jamaika da Ghana da Najeriya inda farar hula kan shiga matsala da hukuma idan ya sa tufa mai kama da ta soja. Mutumin da ke tafiye-tafiye ba ya buƙatar wannan fitina.

Dabbobi masu kofato, irin su barewa, launi iri biyu kawai idonsu ke rarrabewa da kyau. Suna ganin shuɗi sarai, amma ja da ruwan goro suna zame musu dishi-dishi. Abin da ke tona mafarauci a wurinsu shi ne motsi, da wari, da ƙyalli, da kuma siffar mutum idan ta fito a dunƙule cikin launi ɗaya mai haske ko mai duhu ƙwarai. Don haka koren zaitun, ruwan ƙasa, ruwan toka mai ɗan duhu da launin busasshiyar ciyawa sun wadatar, kuma su ne launukan da ke zama da kyau a jikin namiji a gari. Idan ka sa jaket ta fi wando ɗan duhu, ko ka zaɓi saƙa mai gauraye zaruruwa masu launi daban-daban kamar yadda ake yi a ulun tuwid na Sikotilan, siffar jiki za ta karye daga nesa, daga kusa kuwa sai a ga yadi mai daraja kawai. Ka guji shuɗi, musamman wandon jins. A yankunan Afirka da ke da ƙudan tsando akwai ƙarin dalili, domin shuɗi da baƙi suna jawo shi. Tsuntsaye kuwa suna ganin launi fiye da mutum, shi ya sa mai farautar agwagwar ruwa ya fi buƙatar ɓuya sosai. Mai farautar talo-talon daji kada a sa masa ja ko fari ko shuɗi ko kaɗan, domin launukan kan namijin talo-talo ke nan, wani maharbi yana iya kuskure.

Wannan ya kawo mu ga abin da ban yarda a yi sassauci a kansa ba. Jihohin Amurka da yawa sun wajabta wa mai farautar manyan dabbobi da bindiga sanya ruwan goro mai walƙiya a saman ƙugu, wasu suna neman murabba'in inci 400, wato kamar ƙyalle mai inci 20 a tsawo da 20 a faɗi, wasu kamar Kolorado suna neman 500. Jihar Wiskonsin ta halatta ruwan hoda mai walƙiya a madadinsa a 2016. Dabba ba ta damu da wannan launi ba, amma ɗan'uwanka maharbi yana hango shi daga nesa, kuma rai ya fi ado. Aikinka shi ne ka sa launin ya kasance a hannu ba tare da ya mamaye jaket ɗin ba. Ana iya ɗinka falmaran mara nauyi mai ruwan goro wadda ke naɗewa ta shige aljihun ciki, ko a yi falmaran mai fuska biyu, ɗaya ruwan ƙasa ɗaya ruwan goro, tare da hula mai juyuwa. Ka bincika dokar wurin da za a yi farautar kafin ka yanke girmanta, domin ɗan layi a kafaɗa ba ya cika sharaɗi.

Zaɓen yadi

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Kafin ka karanta abin da aka rubuta a kan kowane yadi, ka shiga ɗaki mai shiru, ka goga shi da kansa, ka ja farce a kansa, ka murɗe shi kusa da kunnenka. Idan ya yi ƙara kamar ana murza leda, ajiye shi, komai kyansa. Sannan ka kai shi rana ka duba ko yana ƙyalli. Yadin da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje biyu shi ya cancanci a yi maganar sauran halayensa.

Auduga mai shafen kaki ita ce sarauniyar wannan fanni a ƙasashe masu sanyi da yayyafi. Tana tare iska da ruwa, ƙaya ba ta saurin huda ta, kuma tana ƙara kyau da tsufa, domin wuraren lanƙwasa suna yin haske su ba ta kamanni nata na kanta. Amma ka faɗa wa mai saye gaskiya: tana da nauyi, ba ta fitar da zufa sosai, tana iya barin maiƙo a kujerar mota, ba a wanke ta da sabulu ko a inji, kuma tana son a sake shafa mata kaki kusan kowace shekara. Ulu mai kauri shi ne ya fi kowane yadi shiru, yana riƙe ɗumi ko da ya jiƙe, kuma zarensa yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin a ji shi a jiƙe. Akwai kuma Ventile, auduga ce zalla da aka ƙirƙiro a Manchesta, wadda ake saƙawa a matse ƙwarai, idan ruwa ya taɓa ta zaruruwan su kumbura su toshe ƙofofin saƙar. Ba ta ƙara, ba ta ƙyalli, kuma a ido kamar yadin kwat take, abin da ya sa nake ganin ta dace da ɗan birni matuƙa.

Yadudduka masu siririyar fata a ciki, irin Gore-Tex da ya samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969, suna da ƙofofi ƙanana da ɗigon ruwa ba ya iya shiga amma tururin zufa yana fita. Ana auna juriyarsu ga ruwa da milimita, wato tsayin ruwan da yadin zai iya tarewa kafin ya ratsa shi: 10,000 ya isa ruwan sama na yau da kullum, 20,000 na mamakon ruwa ne da doguwar zama a cikinsa. Sai dai duk inda allura ta huda ruwa zai bi, don haka dole a bi bayan kowane ɗinki da tef na musamman da ake mannawa da zafi, kuma idan ba ka da injin yin hakan gara ka bar wannan yadi. Yawancinsu suna ƙara, sai waɗanda aka yi wa fuska mai laushi, ita kuma fuska mai laushi tana kwasar ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa. Babu yadin da ba shi da aibi, zaɓi ne tsakanin aibin da mai kayan zai iya zama da shi da wanda ba zai iya ba.

Ga ƙasa mai zafi, nemi auduga ko gaurayen auduga da nailan mai nauyin giram 150 zuwa 200 a murabba'in mita, mai saƙar da ke hana yagewa ci gaba. A wuraren da ke shan wahala, wato gaban ƙafar wando da gwiwar hannu, ana iya ƙara Cordura, wato yadin nailan mai jure gogayya, mai lambar kaurin zare 500, amma ka nemi launin da ya yi daidai da na yadin, domin faci mai launi daban shi ke fara sa tufa ta yi kama da kayan aikin gini.

Ka tsara kayan hawa uku. Na jikin fata ya zama ulun tumakin merino mai laushi, giram 150 a murabba'in mita don tafiya, 250 don zama cikin sanyi, domin ba ya saurin ɗaukar wari. Na tsakiya falmaran ce ko suwaita. Na waje shi ne jaket. Auduga a jikin fata cikin sanyi haɗari ce, tana riƙe zufa ta sanyaya mutum da zarar ya tsaya.

Awo da yanka

Ɗan gaye yana son tufa ta bi jikinsa, maharbi yana son ya ɗaga hannu ba tare da wani abu ya riƙe shi ba, kuma dukkan gwanintar wannan aiki tana wurin sulhunta su. Matse yadi ba shi ke kawo kyan fasali ba. Abin da ke kawo shi shi ne kafaɗa ta zauna daidai inda ƙashi ya ƙare, ƙugu ya ɗan shiga, tsawo ya tsaya inda ya kamata.

Ka auna mutumin sau biyu. Na farko yana tsaye hannuwa a sake, sanye da abin da zai sa a ƙarƙashin jaket ɗin. Na biyu ka ba shi sanda ya ɗaga ta kamar yana saiti, ka auna faɗin bayansa daga hammata zuwa hammata, da tsawon hannu daga kafaɗa ta kan lanƙwasasshiyar gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne yadin da za ka ɓoye a cikin tufar. A ƙirji, ka ƙara santimita 10 zuwa 12 a kan awon jiki ga jaket mara nauyi, 15 zuwa 18 idan za a sa suwaita mai kauri a ciki.

Wurin ɓoye yadin shi ne baya. Ka yi ninki mai zurfin santimita 4 zuwa 5 a kowane gefe, daga kafaɗa zuwa ƙugu, kusa da inda hannun riga ya haɗu da jiki, sannan ka haɗa ninkin biyu ta ciki da roba mai faɗi a ƙarƙashin shafi. Idan mutum ya miƙa hannu ninkin ya buɗe, idan ya sauke robar ta maido shi ya kwanta lif. Jaket ɗin Norfolk ta Ingila tun ƙarni na 19 da irin wannan dabara ta ninki take ba maharba sarari. Idan ka manta robar, ninkin zai zauna a buɗe, bayan jaket ɗin ya yi buhu-buhu.

Ramin hammata kuma ka ɗaga shi sama. Sababbin teloli sukan zaci faɗaɗa shi ne ke ba da sakewa, alhali ramin da ya sauka ƙasa shi ke sa duk jikin jaket ya tashi idan an ɗaga hannu, kwala ta hau kunne, ƙasan rigar ya bar ƙugu a buɗe. Rami ƙarami mai tsayi, tare da ɗan ƙyalle mai tsini biyu da faɗi a tsakiya da aka dasa a ƙarƙashin hammata, yana barin hannu ya yi tafiyarsa jiki yana nan inda yake. Hannun rigar ka yanka shi da ɗan lanƙwasa zuwa gaba, yadda hannun mutum ke zama idan ya sake shi. Ga mai baka, hannun da ke riƙe bakan ya zama siriri daga gwiwa zuwa ƙasa don kada tsirkiya ta kama yadi.

Inda gindin bindiga ke sauka a gaban kafaɗa, ka sa faci na fata mai laushi ko na yadin kansa ninki biyu, ba maɓalli, ba zif, ba bakin aljihu, ba ɗinki mai tudu, domin duk wani abu mai tauri a wurin zai shiga nama lokacin da bindiga ta yi baya. Ka sa facin a kafaɗu biyu. Hakan yana biya wa bahago buƙata, yana kuma sa jaket ɗin ta daidaita a ido. Ta ciki ka bar ɗan aljihu da za a zura matashin roba mai rage dukan bindiga a cire shi idan an dawo gari. Tsawon jaket ya rufe rabin mazaunai, baya ya fi gaba da kamar santimita 3 zuwa 5 don sunkuyo.

Wando bai kai jaket wahala ba. Ka ɗaga bayan ƙugunsa, ka dasa ƙyalle a hantsa don durƙuso, ka yi ƙananan tattara biyu a kowane gefen gwiwa don ta lanƙwashe, ka rage faɗin ƙafa zuwa ƙasa yadda za ta shiga dogon takalmi ko ta zauna a kansa. Aljihun cinya guda ɗaya mai kwanciya, wanda zif ɗinsa ke ɓoye cikin ɗinkin gefe, ya fi manyan jakunkuna biyu masu lilo.

Aljihu da abin rufewa

Ka rubuta abin da mutumin zai ɗauka, ka ba kowanne wuri, ka tsaya nan. Manyan aljihuna biyu na ƙasa su ne na harsashi. A yi musu ninki a gefe don su buɗe idan an cika su, su kwanta idan babu komai, da ƙananan huji a ƙasa don ruwa ya fita, da ɗan maɗauri da zai riƙe murfin a buɗe lokacin harbi. Sama da su a sa aljihun ɗumama hannu mai shafi mai laushi. A ciki a sa na waya da na takardar izinin farauta, duka da zif. Babban aljihun baya a yi masa shafi na nailan da ake cirewa a wanke, saboda jini da gashin tsuntsu. A gari wannan aljihu yana ɗaukar jarida ko safar hannu, kuma daga waje ba a ganin komai sai siraran zif biyu a gefe.

Kada ka yi amfani da Velcro, wato maɗaurin nan mai ɓari biyu da ke manne wa juna, ƙarar ɓantarensa tana tafiya nesa a daji, kuma yana tara ciyawa. Babban zif ya zama mai buɗewa ta sama da ta ƙasa don zama a mota ko a kututture, a rufe shi da murfi, a ɗaura wa marikinsa igiya ko fata don kada ƙarfe ya riƙa kaɗawa. Maɓallan ƙaho ko na ƙarfe mai dusasshen launi sun fi masu sheƙi. Maganaɗisu yana rufe aljihu shiru, amma yana karkatar da allurar kamfas, saboda haka kada a sa shi a aljihun ƙirji. Kwala a yi mata fuska mai laushi inda take taɓa wuya da haɓa, hular jaket kuma ta zama mai cirewa. Tambarin kamfani a bar shi a ciki.

Samfuri da gwaji

Kada almakashi ya taɓa yadi mai tsada kafin ka ɗinka samfuri da yadi mai araha wanda nauyinsa ya yi kusa da na ainihin. Auduga mara shafe a jiƙa ta ta bushe kafin yanka, domin takan ja baya da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A ɗinkin gaske, yi amfani da zaren foliyesta mai ƙarfi, ɗinki 8 zuwa 10 a kowane inci, a kalmashe manyan haɗe-haɗe a bi su sau biyu, a kuma ƙarfafa kusurwar kowane aljihu da ɗinki mai maimaituwa.

Sannan mai kayan ya sa samfurin ya yi abin da zai yi da shi. Ya ɗaga sanda zuwa kafaɗa sau da yawa a jere, kai kuma ka tsaya bayansa kana kallon ninkin da ƙasan rigar: idan ƙasan ya tashi fiye da faɗin yatsu biyu ko uku, ramin hammata ya yi zurfi. Ya durƙusa, ya rarrafa, ya tsallake wani abu, ya cika aljihuna da nauyi ya yi tafiya don a ga ko wuyan jaket ɗin yana ja baya. Ya tsaya ƙarƙashin ruwa na wasu mintuna, a juya jaket ɗin a nemi inda danshi ya fara bayyana, wanda galibi kafaɗa ce ko bakin aljihu. Bayan haka ya sa ta a kan farar riga da takalmin ofis ya tsaya gaban madubi. Duk abin da ya yi ihu a madubin ka tambayi aikinsa. Idan yana da aiki ka nemi hanyar kwantar da shi ko mayar da shi ciki, idan ba shi da shi ka farke shi. Ka mayar da kowane gyara kan takardar yanka nan take, ka sake ɗinka samfuri idan gyaran ya taɓa kafaɗa ko hammata.

Abu na ƙarshe da za a ɗinka shi ne ƙyallen bayanin kulawa, kuma ya cancanci a rubuta shi da natsuwa. A ce kada a wanke kayan da sabulun da ke ɗauke da sinadarin ƙara hasken tufa ko turare, domin na farko yana sa yadi ya ɗauki ɗan shuɗin haske da dabba ke iya gani, na biyu kuma hancinta ke kamawa. A ce mai shafen kaki a goge shi da soso da ruwan sanyi kawai, ulu a shanya shi a kwance a inuwa. Idan za a fesa wa wando da safa maganin kaska mai sinadarin fametirin, wanda ake sayarwa da ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, a fesa a waje, a kan tufa ba a kan fata ba, a bar shi ya bushe sarai kafin a sa, kuma a nisanta shi da kyanwa muddin yana da danshi, domin guba ne a gare ta.